Elisha Graves Otis (1811–1861): Makaniken da Ya Sanya wa Lifta Birki

1.0 Gabatarwa

Tarihin rayuwa reshe ne na rubutun zube wanda ake bin sawun mutum guda tun daga haihuwarsa har zuwa rasuwarsa, domin a fito da abin da ya aikata da dalilin da ya sa ake tunawa da shi. A wannan babi an zaɓi rayuwar Elisha Graves Otis, wani makanike Ba'amurke wanda ya rayu shekara 49 kacal, amma sunansa yana manne har yau a jikin na'urorin hawa bene a biranen duniya, har da na Nijeriya. Ba shi ne ya ƙago lifta ba, domin an daɗe ana ɗaga kaya da igiya kafin a haife shi. Abin da ya zo da shi shi ne birkin da zai riƙe lifta idan igiyarta ta tsinke. Wannan birki ne ya sa mutane suka yarda su ba na'ura amanar rayukansu.

Ita kalmar lifta aro ce daga Ingilishin mutanen Ingila. A harshen asali tana ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, wato “f” da “t”, abin da tsarin gaɓar Hausa bai yarda da shi ba. Saboda haka wasu Hausawa suka ƙara mata wasali suka ce lifta, wasu kuma suka yar da baƙin ƙarshe suka ce lif. Da yake ta ƙare da wasalin “a”, sai ta shiga jinsin mata, shi ya sa ake cewa lifta ta tsaya, ko ta lalace.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Elisha Graves Otis ranar 3 ga Agusta, 1811, a wani ƙauye mai suna Halifax cikin jihar Vermont, a arewa maso gabashin Amurka. Wato ke nan an haife shi shekara 2 bayan da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye a lokacin. Sunan mahaifinsa Stephen Otis, mahaifiyarsa kuwa Phoebe Glynn. Shi ne autan 'ya'ya 6. Mahaifin manomi ne mai rufin asiri, wanda ya taɓa zama alƙalin sulhu a yankinsu, ya kuma wakilci jama'arsa a majalisar jiha.

Otis bai yi nisa a karatun boko ba, noma kuma bai kwanta masa a rai ba. Hankalinsa yana kan kayan aiki da injuna. Yana ɗan shekara 19 ya bar gida ya nufi garin Troy a jihar Niyok, inda ya yi kimanin shekara 5 yana aikin gini da jigilar kaya a keken doki. Wannan sana'a ta jigila ta sa ya san keken doki ciki da waje, musamman sifirin ɗin ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, wanda yake lanƙwashewa idan an ɗora kaya, ya kuma miƙe idan an sauke. Shekaru bayan haka, wannan ƙarfe ne ya zama ginshiƙin ƙirƙirarsa.

A 1834 ya auri Susan Houghton. Suka haifi 'ya'ya maza biyu, Charles a 1835, da Norton a 1840.

3.0 Shekarun Faɗi-Tashi

Rabin rayuwar Otis na girma ya tafi ne a kan sana'o'in da ba su yi albarka ba. Ciwon haƙarƙari mai tsanani ya kama shi har aka fid da rai, sai ya bar aikin jigila ya koma Vermont. A bakin wani kogi mai suna Green ya gina injin niƙan hatsi wanda ruwa yake juyawa. Da ciniki ya ƙi, sai ya mayar da shi injin tsaga katako, daga baya kuma ya shiga ƙera kekunan doki. Yana cikin wannan hali matarsa ta rasu a 1842, ta bar shi da yara biyu ƙanana.

A 1845 ya tashi zuwa Albany, babban birnin jihar Niyok, ya sake aure, ya kuma sami aikin babban makanike a wata masana'antar gadaje. A nan basirarsa ta fara fitowa fili, domin ya ƙera injin fiƙe sandunan gado wanda ya ninka yawan abin da ma'aikaci yake yi da hannu. Da ɗan abin da ya samu ya buɗe shagonsa na kansa, yana amfani da ruwan wani rafi wajen juya injuna. Ba a daɗe ba hukumar birnin ta karɓe rafin domin samar wa jama'a ruwan sha, shagon ya mutu. A 1851 ya koma Bergen a jihar New Jersey, a 1852 kuma maigidansa Josiah Maize ya tura shi Yonkers, kusa da birnin Niyok, domin ya kula da kafa sabuwar masana'antar gadaje.

Mutumin da ya isa Yonkers ya haura shekara 40, ya gwada sana'a fiye da biyar, bai tara dukiya ba. Abin da ya tara shi ne sanin katako da ƙarfe da igiya, da kuma sanin inda kowannensu yake gazawa.

4.0 Matsalar Igiya

Dabarar ɗaga kaya da igiya da wili tsohuwa ce ƙwarai. Marubucin gine-gine na Rumawa, Vitruvius, ya yi bayanin na'urorin ɗaga kaya tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a babban filin wasa na birnin Rum an yi amfani da irinsu wajen fito da namun daji daga ƙarƙashin ƙasa. A 1743 an yi wa Sarkin Faransa Louis na 15 kujera mai hawa da sauka a fadarsa ta Versailles. Zuwa farkon ƙarni na 19, masana'antu da ma'adinai a Ingila da Amurka suna amfani da dandamalin katako wanda injin tururi yake ja sama.

Duk waɗannan na'urori cuta ɗaya ke damunsu. Rayuwar wanda ke ciki tana rataye ne da igiya guda. Wanda ya taso a ƙauye ya san abin da ke faruwa idan igiyar guga ta tsinke: guga sai ƙasan rijiya, sai an nemo ƙugiya. To, idan abin da ke rataye dandamali ne mai ɗauke da injin ƙarfe da lebura biyu, babu ƙugiyar da za ta yi amfani. Igiyoyin wancan zamani na zaren tsiro ne irin rama, suna cinyewa a hankali ba tare da ido ya lura ba. Saboda haka ma'aikata suka riƙa gudun hawa dandamali, masu hali kuwa ba su ko kusantarsa.

Wannan tsoro ya ƙayyade tsawon gine-gine. Gidajen haya da ofisoshi a biranen Turai da Amurka ba kasafai suke wuce hawa 5 ko 6 ba, domin nan ne iyakar abin da ƙafa za ta jure kullum. Hawa na ƙasa shi ne mai tsada, na can sama kuwa na barori ne da matalauta.

5.0 Dabarar Otis

A masana'antar Yonkers an bukaci a kai manyan injuna da katako zuwa hawa na sama, aka ɗora wa Otis aikin gina dandamalin da zai yi haka a 1852. Sauran makanikai sun fi mayar da hankali ga neman igiya mai ƙarfi. Shi kuwa ya ɗauka cewa kowace igiya wata rana za ta tsinke, don haka tambayar da ta dace ita ce me zai faru a daidai lokacin da ta tsinke.

Ga yadda ya tsara abin. Ya kafa dogayen ginshiƙai biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda dandamali zai bi wajen hawa da sauka. A jikin kowane ginshiƙi ya jera haƙoran ƙarfe irin na zarto, tun daga ƙasa har sama. Sa'an nan ya ɗauko sifirin na keken doki ya gitta shi a saman dandamalin, ya haɗa igiyar ja da tsakiyarsa. Muddin igiya tana ɗauke da nauyi, tana jan sifirin ɗin ya lanƙwashe, ƙugiyoyin da ke haɗe da shi su janye daga haƙoran, dandamali ya wuce sumul. Da zarar igiya ta tsinke, babu abin da ke jan sifirin, sai ya miƙe nan take, ya tura ƙugiyoyin cikin haƙoran, dandamali ya tsaya cak a inda yake.

Hikimar da ke ciki ita ce birkin bai dogara da hanzarin mutum ba. Ba a bukatar wani ya lura, ko ya ja wani abu, ko ya yi ihu. Lalacewar igiya ita kanta take sa birki ya kama. Injiniyoyi sun mayar da wannan ƙa'ida babba: a tsara na'ura yadda idan ta gaza, za ta gaza ne ta ɓangaren da babu hatsari. Direbobin tireloli da ke tsallaka iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni suna aiki da ƙa'idar kullum, domin birkin manyan motoci na zamani iska ce take riƙe da shi a buɗe, idan iska ta zube sai sifirin ya danne shi, motar ta ƙi motsi.

6.0 Baje Koli a Birnin Niyok

Da farko Otis bai ɗauki abin da ya ƙera a bakin komai ba. Masana'antar gadajen ta durƙushe, shi kuma ya fara shirin bin ayarin masu neman zinariya zuwa Kalifoniya. Ana cikin haka sai wani mai sana'ar kujeru da gadaje a birnin Niyok, Benjamin Newhouse, wanda aka yi mummunan hatsarin dandamali a ma'aikatarsa, ya aiko yana son guda biyu masu birki, kowanne a kan dala 300. Otis ya fasa tafiya. Ranar 20 ga Satumba, 1853, ya buɗe shagonsa a wani sashe na tsohuwar masana'antar. Bayan waɗannan na farko kuwa, sai kasuwa ta yi shiru.

A daidai wannan lokaci ana gudanar da babban baje kolin masana'antu na ƙasashen duniya a wani gini na ƙarfe da gilashi mai suna Crystal Palace a Niyok. An buɗe shi a 1853, a 1854 kuma shahararren mai shirya wasanni P. T. Barnum ya karɓi ragamarsa. A wannan shekara ta 1854, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Otis ya kafa na'urarsa a tsakiyar zauren. Ya hau dandamalin tare da kaya, aka ja shi sama har ya wuce kawunan 'yan kallo, sa'an nan ya sa aka sare igiyar. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan, ya tsaya. Ya cire hularsa ya tabbatar wa jama'a cewa lafiya lau yake. Ya maimaita wannan gwaji sau da dama a tsawon baje kolin.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Otis bai tsaya dogon bayani a kan sifirin da haƙora ba, ya ɗora ransa ne a kan aikin hannunsa a gaban shaidu. Sai dai ya kamata mai nazarin tarihin rayuwa ya san cewa masana tarihi na baya-bayan nan, irin su Bajamushe Andreas Bernard, sun nuna cewa jaridun lokacin ba su ba abin muhimmanci sosai ba, kuma kamfanin Otis ne ya ɗaukaka labarin daga baya. Wannan bai rage darajar birkin ba, amma yana tunatar da mu cewa labarin gwarzo yakan ƙara ƙiba bayan rasuwarsa. Abin da babu shakka a kansa shi ne cinikin Otis ya ƙaru bayan 1854.

7.0 Liftar Fasinja da Rasuwarsa

Na'urorin farko duk na ɗaukar kaya ne. Ranar 23 ga Maris, 1857, Otis ya kafa liftar ɗaukar mutane a kantin E. V. Haughwout, mai sayar da tangaran da kayan gilashi, a lamba 488 titin Broadway, birnin Niyok. Ginin hawa 5 ne, injin tururi ne yake jan liftar, gudunta kuwa kimanin mita 12 ne a minti ɗaya, wato saurayi mai jini a jika zai riga ta isa sama ta matakala. Ana ɗaukarta a matsayin liftar fasinja ta farko mai birkin kariya. Akwai wani mutum dabam mai suna Otis Tufts wanda ya kafa irin tasa liftar a wani otal na Niyok a 1859, kuma kamannin sunayen yakan rikita ɗalibai.

Otis bai daina ƙirƙira ba. Ya tsara birkin jirgin ƙasa, da garmar tururi, da tandar gasa burodi mai juyawa, da ƙaramin injin tururi wanda ya ba lifta damar hawa da sauka ba tare da ta dogara da babban injin masana'anta ba. Ranar 15 ga Janairu, 1861, gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira a kan na'urarsa ta ɗaga kaya. Ƙasa da wata 3 bayan haka ciwon mashaƙo ya kama shi, ya rasu a Yonkers ranar 8 ga Afrilu, 1861, kwana 4 kafin ɓarkewar yaƙin basasar Amurka. Ya rasu bai yi arziki ba, ya bar ƙaramar masana'anta da bashi a kanta, kuma bai ga dogon bene ko ɗaya daga cikin waɗanda aikinsa ya share wa hanya ba.

8.0 Abin da Ya Biyo Baya

'Ya'yansa biyu ne suka ɗaga sana'ar. Sun fi mahaifinsu iya tattalin kuɗi, kuma a 1867 suka kafa kamfanin Otis Brothers. A 1870 aka buɗe ginin Equitable a Niyok, ginin ofisoshi na farko da aka tsara da lifta tun daga tushe. A 1878 Charles Otis ya sami takardar mallakar na'urar ƙayyade gudu, wadda take sa birki ya kama ko da igiya ba ta tsinke ba, muddin gudu ya wuce ƙima. A 1880 Werner von Siemens ya nuna lifta mai aiki da lantarki a Mannheim ta ƙasar Jamus. A 1887 Alexander Miles, baƙar fata ɗan Amurka, ya sami takardar mallakar dabarar buɗe ƙofofi da rufe su kai tsaye, domin a da mutane da yawa sun hallaka ta hanyar faɗawa ramin da aka manta ba a rufe ba. A 1889 kamfanin Otis ya kafa lifta a hasumiyar Eiffel ta birnin Faris.

Da lifta ta haɗu da ginshiƙan ƙarfe, sai gine-gine suka miƙe sama. Ginin Empire State na 1931 yana da hawa 102. Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, tsawonsa mita 828 ne, da lifta 57 na kamfanin Otis. A Nijeriya an kammala Cocoa House na Ibadan mai hawa 26 a 1965, da ginin NECOM na Legas mai hawa 32 a 1979. Alhazanmu kuwa sukan yi makonni a Makka suna hawa da sauka a dogayen masaukai, ga kuma hasumiyar agogo mai mita 601 a gefen Harami. Darajar hawa ma ta juya, na can sama ya zama shi ne mai tsada.

9.0 Yadda Liftar Zamani Take Aiki

Malamin da aka tura koyarwa Araba ko wani gari na ƙasar Illela zai tarar da yara da yawa ba su taɓa shiga lifta ba. Duk da haka yana da abin misali a kusa, wato jigon ban ruwa na lambu. A jigo, guga yana rataye a bakin doguwar sanda, a ɗaya bakin kuma an ɗaura dutse ko curin laka. Nauyin dutsen ne yake taimaka wa mai lambu ɗaga guga cike da ruwa ba tare da ya sha wuya ba. Haka lifta take. Sassanta muhimmai su ne:

(a) Akwati, wato ɗan ɗakin da mutane ke shiga, wanda yake bin dogayen ƙarafa biyu a cikin ramin lifta.

(b) Nauyin daidaito, wato jerin ƙarafa masu nauyin akwatin da ƙarin kusan rabin kayan da aka ƙayyade masa. Idan akwati ya hau, shi sai ya sauka, don haka aikin inji kaɗan ne.

(c) Igiyoyin ƙarfe, galibi daga 4 zuwa 8, waɗanda suke ratsawa ta kan wili mai kwarmi a saman gini. Ana zaɓarsu da ƙarfin da ya ninka nauyin da suke ɗauka sau da yawa.

(d) Injin lantarki da birkinsa. Wutar lantarki ce take riƙe birkin a buɗe. Idan aka ɗauke wuta, sifirin ya danne shi, akwati ya tsaya.

(e) Na'urar ƙayyade gudu da birkin gaggawa, wanda yake damƙe dogayen ƙarafan nan idan gudu ya wuce ƙima. Wannan shi ne jikan birkin Otis.

(f) Shokozoba a ƙasan rami, domin rage ƙarfin bugu.

(g) Makullin ƙofa, wanda yake hana akwati motsi idan ƙofa tana buɗe, ya kuma hana ƙofar waje buɗewa idan akwati ba ya wurin.

Akwai kuma wadda matsin mai yake turawa daga ƙasa kamar jak ɗin ɗaga mota, ana amfani da ita a gine-gine marasa tsawo. Wajen gudu kuwa, wasu a ƙasar Sin sun wuce mita 20 a daƙiƙa ɗaya.

10.0 Kiyaye Lafiya

Saboda waɗannan matakai na kariya, faɗowar lifta daga sama abu ne mai wuyar aukuwa. Ɗaya daga cikin sanannun misalai ya faru ranar 28 ga Yuli, 1945, lokacin da jirgin saman soja ya bugi ginin Empire State cikin hazo ya lalata igiyoyi, wata ma'aikaciyar lifta ta faɗo hawa 75, ta kuma rayu. Amma kowane mataki yana aiki ne idan ana duba shi. A Agusta 2023 wata matashiyar likita ta rasu a Legas bayan da liftar gidan kwanan likitoci na wani babban asibitin gwamnati ta faɗo da ita. Likitoci suka shiga yajin aiki, gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike. Birkin da ya yi tsatsa, ko makullin ƙofa da wani makanike ya tsallake da guntun waya domin aiki ya yi sauri, daidai yake da babu. Wajibi ne masu gini su riƙa kiran ƙwararru a kan kari, su ajiye littafin gyara, su kuma tanadi janareta ko batirin da zai kai akwati hawa mafi kusa idan wuta ta ɗauke.

Shi kuma mai shiga yana da nasa haƙƙin:

1. A bari na ciki su fito kafin a shiga, a kuma duba ƙasa a tabbatar akwatin yana nan, kuma ya yi daidai da daɓe.
2. Kada a wuce adadin mutane ko nauyin da aka rubuta a jikin bango.
3. A tattare babbar riga da gyale da hijabi daga bakin ƙofa, a riƙe hannun yara.
4. Kada a tare ƙofa da hannu ko ƙafa, akwai maɓallin buɗe ta.
5. Idan ta tsaya tsakanin hawa biyu, a danna ƙararrawa ko a buga waya, a jira ma'aikata. Akwatin yana da kafofin iska, numfashi ba zai ƙare ba. Hatsarin yana ga wanda ya ɓanɓare ƙofa ya nemi tsallakewa, domin zai iya zamewa cikin rami, ko wuta ta dawo akwati ya motsa da shi.
6. Idan gobara ta tashi, a bi matakala. Ramin lifta yana zuƙar hayaƙi kamar bututu, wuta kuma tana iya ɗaukewa a rufe mutum a ciki.
7. Idan an ji tana fizga ko ƙara, ko tana tsayawa ba daidai ba, a sanar da masu kula da gini.

11.0 Kammalawa

An ga yadda ɗan manomi daga Vermont, wanda bai yi zurfin karatu ba, ya shafe shekara 20 yana faɗuwa yana tashi, sa'an nan ya warware matsalar da ta daɗe tana cin rayuka da ƙarfen da ya sani tun yana tuƙa keken doki. An kuma ga cewa aikinsa bai kammalu a hannunsa ba, sai da 'ya'yansa da wasu masana suka ɗora a kai. Sau da yawa idan hatsari ya auku a cikinmu, akan rufe magana da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Otis ya yarda cewa ranar tsinkewar igiya tana nan tafe, shi ya sa ya yi mata tanadi tun tana da ƙarfinta. Malamin da ya fahimci haka zai duba murfin rijiyar makaranta, da katangar ajin da ta tsage, da wayar lantarkin da ta zube, tun kafin su taɓa yaro. Zai kuma koya wa ɗalibansa su riƙa tambayar abin da zai faru idan abin da suka dogara da shi ya gaza.

Tambayoyi

1. Kawo sana'o'i huɗu da Otis ya yi kafin 1852, ka nuna wadda ta fi tasiri ga ƙirƙirarsa.
2. Bayyana yadda birkin Otis yake aiki cikin jimloli da ba su wuce 10 ba.
3. Yi amfani da tsarin gaɓar Hausa ka bayyana yadda aka sami lifta da lif, sa'an nan ka kawo wasu kalmomin aro 5 daga cikin babin.
4. Me ya sa ya kamata marubucin tarihin rayuwa ya yi taka-tsantsan da labaran da aka ɗaukaka bayan rasuwar mutum?
5. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji 6 na firamare a kan ƙa'idojin shiga lifta, kana mai amfani da jigo a matsayin kayan koyarwa.